Ƙarar da Ta Jira Sadakar Arba'in

Abin da na fara lura da shi a wurinsa shi ne yadda yake gwada benci. Mahaifina ne ya kira shi daga Sabon Birni ya gyara bencinan Islamiyyarmu a Isa, ni kuwa ina leƙe ta tagar ajin 'yan mata. Duk bencin da ya gama bugawa, sai ya zauna a kai ya jijjiga jikinsa dama da hagu, ya tashi ya koma ɗaya gefen ya sake. In ya motsa ko kaɗan, ya kifar da shi ya cire ƙusoshin. Yara suna ta dariya, shi ko a jikinsa.

A lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya. Ina hayarsu a wurin wata mai sayar da turare a kasuwar Isa, in ɓoye a ƙarƙashin kayan sawata. A cikinsu kullum akwai saurayi talaka mai tsabtar zuciya, da mai kuɗi azzalumi, da ranar da gaskiya take fitowa a gaban jama'a kowa ya sunkuyar da kai. Tun kafin kafintan nan ya san sunana na riga na ba shi matsayinsa a cikin labarin. Da ya fara zuwa zance sai na tarar ba mai magana ba ne. Zancensa bai wuce tsadar katako da yadda gero ya yi a gonarsu ba. In ya tafi sai in kwanta in shirya masa kalaman da ya kamata ya faɗa, in amsa masa da kaina.

Aka yi aure, aka kai ni Sabon Birni gidan mahaifiyarsa, wadda kowa yake kira Inna. Shagonsa rumfar kwano ce a bakin hanya, a kan filin wani Alhaji maƙwabcinmu mai fataucin hatsi. Da baki Alhaji ya ba mahaifin maigidana aron filin tun da daɗewa, babu haya babu takarda. In ƙofar gidan Alhaji ta lalace ko gado ya karye, maigidana ya je ya gyara, shi ke nan. Matar Alhaji kuwa, Hajiya, ita ta goya maigidana damina guda lokacin da Inna ta yi doguwar jinya yana jariri. Har ya yi aure ba ta daina kiransa ɗana ba, kuma in ta dama fura mai kyau sai ta aiko masa da kwarya. Rumfar nan ita ce abincinmu, ita ce kuma sunansa a gari. Duk amaryar da aka kai a unguwarmu, a kan gadon da ya fito daga can take kwana.

Wata shekara bayan girbi aka ji sanarwa cewa wata hukuma a Sakkwato tana neman masu yin kujeru da teburan makarantun firamare na ƙauyukan yankinmu, daga wajen Tsamaye har Kamarawa. Sharuɗɗan a fili suke: mai nema ya kasance yana da wurin aikinsa, ya kawo samfurin kujera guda, kuma jami'ai za su zo su ga shagon da idonsu. Maigidana bai taɓa neman aikin gwamnati ba. Ni na matsa masa, shi ma kuma ransa yana so, don ya ga irin kujerun da ake kawowa daga nesa, waɗanda ba sa kai damina biyu. Ya yi ta zirga-zirga a wannan hanya tamu da ba kullum ake binta da kwanciyar rai ba, har ya haɗa takardun da ake so. Ni kuwa na riga na gina mana gida mai jan fenti a kaina, har na zaɓi labule.

Ana cikin haka babban ɗan Alhaji ya zo rumfa. Sa'an maigidana ne, tare suka yi wasan ƙasa, amma shi sana'arsa sayar da wayoyi da kai mai a jarka tsallaken iyaka. Bai taɓa buga ƙusa ta shiga daidai ba. Ya ce yana son kujera da tebur irin na makaranta saboda yaransa, malamin da ke yi musu darasi a gida ya yi ƙorafin zaman tabarma. Maigidana ya zaɓi katako mafi kyau, ya yi masa irin wadda ya yi don samfurinsa, ya ƙi karɓar ko sisi. Yaya za a karɓi kuɗin jikokin Hajiya?

Ranar da aka buɗe takardun masu nema a Sakkwato, maigidana ya shiga zauren ya tarar da kujerarsa sau biyu. Ɗaya tana ɗauke da sunansa, ɗayar kuma an shafa mata fenti an rubuta sunan wani kamfani da bai taɓa ji ba, ɗan Alhaji yana tsaye a bayanta cikin farar shadda. Ashe jami'an duba shago sun zo ranar da muka tafi suna a Isa. Ɗan Alhaji ne ya tarbe su, ya zagaya da su rumfar, ya nuna musu takardar filin mai sunan Alhaji, suka ɗauki hotonsa hannunsa a kan zarton maigidana. A takardar maigidana suka rubuta cewa ba shi da wurin aiki nasa. Ba a jima ba aka ba kamfanin ɗan Alhaji kwangilar.

Wani ma'aikaci mai furfura a ofishin ya ja maigidana gefe ya gaya masa cewa doka ta ba shi damar kai koke a rubuce, kuma za a iya dakatar da aikin a sake dubawa. Amma ya ja masa kunne: kwanakin da aka ware kaɗan ne, daga ranar da aka sanar da wanda ya samu kwangilar ake ƙirga su, in sun wuce sun wuce.

Da ya dawo ya ba mu labari, Inna ta ci gaba da jan carbi. Ni kuwa nan take na gane babin littafin da muka shigo. Na ɗauki biro na rubuta koken da Hausa, na sa hawayen marayu da duhun zalunci da hasken da ba ya ɓoyuwa. Mai buga takardu na kusa da tasha ya karanta, ya tambayi maigidana ko waƙa ce za a kai gidan rediyo, sannan ya zubar da duk abin da na fi so, ya mayar da sauran Turanci a shafi ɗaya. Ko a haka ta yi kyau. Ta faɗi maganar kujera, ta faɗi maganar rumfa, ta ambaci mutanen unguwa da za su shaida wanda yake aiki a ciki. Maigidana ya sa hannu, ya ce jibi za shi, ranar da motoci suke fita a jere saboda tsoron hanya.

Washegari da hantsi muka ji kuka daga gidan Alhaji. Hajiya ta faɗi a bakin murhu, kafin a samo mota ta cika.

Maigidana yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin, shi ne kuma ya kafa rumfar zaman makoki a ƙofar gidan. Da ya shigo da yamma idanunsa jajur, Inna ba ta jira ya zauna ba.

"Takardar nan taka, ka aje ta," in ji ta. "Ba a kai ƙarar gidan da ka zaman makoki. Matar da ta goya ka tana kwance, ƙasarta ba ta bushe ba."

"Na sani, Inna. Ba ni zuwa."

Na ce a hankali, mutumin ofishin fa ya ce kwanakin kaɗan ne. Na ce ko bayan addu'ar bakwai. Inna ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta ce a gidan babban mutum irin wannan ba a ɗage makoki sai an yi sadakar arba'in, kowa ya san haka, in ban da ɗiyar malamai da ta ƙoshi da karatun ƙarya.

"Su mutanen ofishin ba musulmi ba ne?" ta ce. "Ba su da uwaye? In ya je ya ce musu mutuwa anka yi, wa za ya ce mishi ya makara?"

Maganar ta zauna mana duka. Har ni ta zauna mini, don na hango wurin sarai: babban jami'i ya cire tabarau, ya ji dalilin jinkirin, idonsa ya ciko, ya ce irin wannan mutum ne ƙasa take nema. Na ga ma jinkirin zai ƙara wa labarin daɗi.

Mai buga takardu ba ya riƙe magana, saboda haka kafin a yi addu'ar uku gidan Alhaji sun san da koken. Ɗan Alhaji ya kama hannun maigidana a cikin rumfar makoki, a gaban dattawa, ya riƙe ya ƙi saki.

"Ɗan'uwana, na ji kana da magana a kaina," ya ce. "Hakkinka ne. Abu guda nika roƙo, ka bari Hajiya ta huta. In anka yi arba'in mu zauna ni da kai, abin da kac ce shi za a yi."

Dattawa suka sa albarka. Maigidana ya yi kuka, ya ce ko ba a roƙe shi ba haka ya yi niyya.

Daga nan kullum yana gidan. Shi ke shimfiɗa tabarmi, shi ke tarbar baƙin da suka zo daga Isa da tsallaken iyaka, shi ke gyara bencinan da suka saki. Ni ina cikin gida tare da mata muna tuƙa tuwon baƙi. A cikin kwanakin nan ɗan Alhaji ya je Sakkwato ya dawo, ya sake komawa, aka ce maganin hawan jinin Alhaji yake karɓowa. Wata rana kuma babbar mota ta sauke katako a bayan gidansu aka lulluɓe da tamfol. Duk mun gani. Maigidana ya ce mai makoki ba a bin sawunsa.

Aka yi sadakar arba'in, aka raba waina da goro, aka kwance rumfa. Maigidana ya jira kwana ya wuce, sannan ya je wurin ɗan Alhaji don zaman da aka yi alkawari. Ya same shi yana goge gilashin motarsa. Ɗan Alhaji ya ce ai babu wani abin zama, hukuma ta riga ta yi hukuncinta, shi ɗan kwangila ne kawai. Maigidana ya ce to shi za shi kai kokensa, ya zo ne ya faɗa masa don kada ya ji a bakin wani.

"Sakkwato za ka? Ni ma can za ni," in ji ɗan Alhaji. "Shigo mu tafi, mi za ka yi da motar haya a wagga hanya?"

Ya buɗe masa ƙofar gaba. Maigidana ya rasa yadda zai ƙi a gaban mutane, ya shiga, takardar tana kan cinyarsa. A hanya ɗan Alhaji ya saya masa tsire da ruwan sanyi, ya yi ta ba shi labarin yarintarsu, yadda Hajiya take raba musu ƙosai. Har ƙofar ofishin ya kai shi, ya nuna masa ɗakin da ake karɓar koke, ya ce Allah shi ba da sa'a.

Abin da ya faru a ɗakin sau ɗaya tak maigidana ya ba ni labarinsa, kuma bango yake kallo yana faɗa. Wani matashin ma'aikaci ne ya karɓi takardar. Bai karanta ba, ya duba lambar kwangilar kawai, ya ce lokacin koke ya daɗe da wucewa, an sa hannu, har an biya kason farko. Maigidana ya ce ya sani ya makara, amma rasuwa aka yi, sai da ya jira arba'in. Matashin ya sassauta, ya yi masa ta'aziyya.

"Mahaifiyarka ce?"

"A'a. Mahaifiyar wanda nika ƙara."

Matashin ya ɗago kai ya dube shi. Sai ya kira na teburin kusa ya ce ya zo ya ji. Aka sa maigidana ya maimaita. Na biyun ya kira wata mata daga ɗakin gaba, aka sake sa shi ya faɗa, yana tsaye da hularsa a hannu. Matar ta yi dariya har ta dafa ƙofa. Ɗayansu ya tambaye shi ko ya jira a yi wa mamaciyar shekara, kada a ce ya yi gaggawa. Ya nemi mai furfurar nan da ya ba shi shawara, aka ce yana hutu. Daga ƙarshe suka buga wa takardar hatimi, suka ce za a ajiye ta a fayil, kuma za a ba wanda ake ƙara kwafi, haka tsarin yake. Kwafin ya riga maigidana isowa Sabon Birni, don a motar ɗan Alhaji ya dawo, shi kuwa sai da ya kwana a tasha ya jira motar haya.

Kafin ya sauka, gari ya ɗauki maganar. Ba wanda ya ce an sace masa kujera, ba wanda ya ce an nuna rumfarsa da sunan wani. Abin da ake faɗa shi ne, yana cin tuwon makokin Hajiya da hannun dama yana rubuta ƙarar ɗanta da na hagu. An ce a takardar ya kira Alhaji ɓarawo. Mutanen da muka rubuta a matsayin shaidu suka riƙa zuwa gidan Alhaji ɗaya bayan ɗaya suna rantsuwa ba da saninsu aka sa su ba.

Alhaji ya aiko a kira shi bayan la'asar, lokacin da zaurensa ya fi cika. Bai ɗaga murya ba. Ya sa aka karanta takardar da Turanci, aka fassara, har wurin da aka ce rumfar ta maigidana ce. Ya tambayi jama'a ko akwai wanda ya san ranar da ya sayar da filin nan.

"Ubanka na ba aro, don mutumin kirki ne," ya ce. "Kai kuwa tunda ka iya Turanci, gwamnati ta ba ka fili. Ka kwashe ƙarafunanka. Kwano da ginshiƙai ka bar su, a ƙasata suke."

Maigidana ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ya ce ya jira arba'in saboda girman Hajiya. Alhaji ya ce kada ya ƙara sa sunan matarsa a bakinsa.

Rumfar ba a rushe ta ba, don jami'ai za su dawo duba aiki. Ɗan Alhaji ya kawo wani kafinta daga wani gari ya zuba shi a ciki, aka kafa allo mai sunan kamfani. Maigidana ya kwaso zartunansa da gudumominsa a baro, ya bi ta tsakiyar unguwa da rana tsaka, mutane suna zaune a inuwa ba wanda ya tashi ya kama masa. A ranar aka laƙaba masa Lauya. Masu shayi suka fara, 'yan acaɓa suka ɗauka. In ya wuce sai a ce, Lauya, akuyata ta ci geron maƙwabci, a rubuta mini ko in jira arba'in?

Ya kafa teburinsa a tsakar gidanmu. Aiki bai zo ba. Mai son gado ko ƙofa yana tsoron a gan shi yana shiga gidanmu, don rabin unguwa a wurin Alhaji suke samun hatsi in damina ta yi nisa. Waɗanda suka ba shi aiki tun kafin rasuwar suka aiko a karɓi katakonsu. A gidan biki mata sukan matsa mini wuri fiye da yadda nake buƙata, wata ta ce a yi hankali da baki, matar Lauya ta zo, yanzu a ji mu a Sakkwato. Inna ta daina zuwa ko'ina. A cikin gida kuwa ba ta taɓa cewa shawararta ce ta ja ba. Cewa take yi tun farko ni na sa shi neman abin da ba na gidansu ba, kuma ta faɗa a gabansa.

Na daɗe ina jira. Duk motar da ta tsaya a bakin layinmu sai in leƙa, ko babban jami'in nan ne ya buɗe fayil ya zo da kansa. Har na san kalar rigar da zai sa. Da aka fara kai kujerun ƙauyuka, a buɗaɗɗiyar mota aka bi da su ta ƙofar gidanmu, kodayake akwai hanyar da ta fi kusa. Ɗan Alhaji yana gaba, ya sa direba ya rage gudu, ya ɗaga wa maigidana hannu ya ce a gaida Inna.

Da damina ta kama maigidana ya yi noma, bayan girbi ya tafi Sakkwato neman aiki. Ya ce za shi tara abin kama shago ya dawo. Kayan aikinsa ya bar su a ɗakin Inna, daga baya aka riƙa sayar da su ɗaya ɗaya.

Yau shekaru ke nan yana kasuwar katako a can, yana tura itace a bakin injin wani mutum daga safe zuwa magariba. Ba ya haɗa komai, yankawa kawai yake yi. Bayan rasuwar Inna na koma Isa da yara, kusa da gidanmu, can yake zuwa mana da sallah. Sabon Birni bai sake kwana ba. Ƙarar injin ta cinye masa ji, sai an ɗaga murya a kusa da shi, a waya kuwa ba ma iya magana sai dai wani ya karɓa ya gaya masa. In ya zo yakan zauna a ƙofar ɗaki, yara suna ba shi labarin makaranta da ƙarfi, yana kallon bakinsu. Duk abin da aka ce masa, ko tambaya ce, sai ya gyaɗa kai ya ce to.